Ramukan haƙo a Sakkwato: a riƙe kuɗin gyara kafin a sa diga

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana kan ramukan da masu haƙo ke bari a jihar Sakkwato, musamman na marmara da yashi da ake ɗiba don gini da hanyoyi, da kuma ƙananan ramukan masu tonon jifsom, farin ma'adinin da ake sawa a siminti, a yankin Dange da Shuni.

Doka dai akwai. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan ma'adinai, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gabatar da shirin gyara ƙasa, ya zuba kuɗi a asusun gyaran muhalli, ya kuma ƙulla yarjejeniya da al'ummar wurin. Dokar ce ta kafa kwamitin kula da ma'adinai da muhalli, wato MIREMCO, a kowace jiha. Amma wannan tsari ya fi kama manyan wurare irin na dutsen siminti a Kalambaina, inda akwai takardu da ofishin da za a tuhuma. Ɗan kwangilar da ya kwashe marmara wata uku ya tafi fa, wa zai bi shi?

Jiha ba ta da ikon ba da lasisin ma'adinai, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma jiha ce ke biyan kuɗin kwangilar hanyoyinta. Nan ƙarfinta yake. A rubuta a cikin kowace kwangila cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin har sai an rufe ramin da aka ɗebi ƙasa. Kada hakimi ko ƙaramar hukuma su yarda a fara tono sai an ajiye kuɗin gyara a asusun da mai haƙo ba zai taɓa shi kaɗai ba. Bayan tifa ta ƙarshe ta fita, babu sauran abin da za a riƙe shi da shi.

Gyaran kansa tun ranar farko yake farawa. Ƙasar sama, santimita 15 zuwa 30, ita ke ɗauke da taki da irin ciyawa. A kankare ta a tara gefe guda, kada tulin ya wuce mita 2, domin in ya yi tsayi cikinsa ba ya shan iska, ƙwayoyin da ke raya ƙasar su mutu. A nan ake yawan yin ɓarna: direban katafila ya haɗa ta da marmara a loda a tifa, ko a bar ta shekaru iskar hunturu ta kwashe. Daga baya ko an cike ramin, abin da ke sama fako ne, ruwa ya zuba ya gudu.

Sai bakin rami. Wanda aka bari a tsaye kamar bango, shi ke ruftawa da damina, shi ke cin yara da dabbobi idan ya zama kududdufi. A kwantar da shi, kowace mita 1 ta zurfi ta samu mita 3 ta gangare. Manyan duwatsu su shiga ƙasa, a daddale su, tsakuwa ta biyo, sannan a sassoke saman zurfin kamar rabin mita kafin a shimfiɗa ƙasar da aka ajiye. In ba a sassoke ba, saiwa ba ta ratsa inda tifa ta yi ta takawa.

Ruwan samanmu bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, daga Yuni zuwa Satumba, don haka dashe ba tare da tare ruwa ba asara ce. Maƙwabtanmu na Tawa a Nijar sun daɗe da farfaɗo da fako da ƙananan ramukan shuka da ake kira tassa da kuma ramuka masu siffar rabin wata, masu buɗe baki wajen da ruwa ke gangarowa, a zuba musu takin gida. A dasa a watan Yuli in damina ta kankama: bagaruwa, daƙwara, aduwa da magarya, a shuka gamba a kan gangaren don ta riƙe ƙasa. Shinge kuwa dole ne, ko na ƙaya, na akalla shekara 3, saboda awaki. Shi ya sa bai kamata a saki kuɗin ajiyar a ranar dashe ba. A jira rani biyu, a ƙirga itatuwan da suka rayu.

Ba kowane rami ake cikewa ba. Wani ya fi amfani a matsayin mashaya, in aka gyara masa mashiga guda aka kewaye sauran. Amma a gwada ruwan tukuna. Gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 daga dutsen zinariyar da ake niƙawa cikin gidaje ta fito, kuma sai da aka kankare ƙasar ƙauyukan aka kawo sabuwa. Duk wurin da aka niƙa ko aka wanke dutsen ma'adini, kada a yi noma ko a shayar da dabba sai sakamakon gwajin ya fito.

Mun gode.

Wasu ma'aikatan gandun daji da safiyo,
Sakkwato