Wanda ya bugu a ka ya tashi yana magana, don Allah kar ku kai shi gida

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Ni tsohon infirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, a nan Garwa, na ajiye aiki, yanzu sai zaman ƙofar gida da jikoki, to amma akwai abin da ya tokare min ƙirji tun watan jiya, nace bari in rubuto ko Allah zai sa ka ba ni ɗan fili.

Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 22, kilando yake yi, wato haya da moto. Wajen la'asar akuya ta gitta masa a titi, garin kauce mata ya faɗi, gefen kansa na dama, nan saman kunne, ya daki bakin kwalta. Waɗanda ke wurin sun ce ya suma kamar minti biyu, suka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya miƙe ya kakkaɓe wando, kuma wallahi abin da ya fara tambaya shi ne madubin moto ya fashe? Don moton ba nasa ba ne, na ubangida ne, kullum yamma sai ya kai kuɗin yini. Babu jini ko ɗigo, sai ɗan ƙulu. Ya tsaya wurin mai shayi ya sha, abokansa suna ta tsokanarsa wai akuya ta kada shi, yayi magariba a jam'i, ya koma gida yace kansa na sarawa. Yayi amai sau biyu, uwarsa tace ko shayin ne. Bayan isha ya kwanta. Can cikin dare ta ji yana wani irin munshari da ba ta san shi da shi ba, ta tashi babansa, yace gajiya ce ki bar yaro ya huta. Da asuba aka yi ta tashinsa shiru, sai a lokacin aka kira ni. Na ɗaga fatar idonsa na haska da tocilan ɗin waya, baƙin idon dama ya buɗe wangwam ko motsi ba ya yi, na hagu ma ya fara bin sa. Tun a nan jikina yayi sanyi. Mun ɗauke shi amma ko ɗakin skana ba mu kai ba rai yayi halinsa. Allah ya jiƙansa.

Ban ce wani yayi laifi ba, kwana ne ya ƙare. Amma gidana da nasu ko minti goma ba a yi a ƙafa, kuma da nake tambayar ƙanwata me ya hana a kira ni tun magariba sai tace, Yaya ai yana magana, har abinci ya ci. Wannan "ai yana magana" ɗin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kaga Malam, ƙoƙon kan babban mutum kamar rufaffiyar ƙwarya yake, ba ya buɗewa ba ya faɗaɗa. Abu uku ne a ciki, ƙwaƙwalwa mai nauyin kilo 1 da ɗoriya, sai jinin da ke cikin jijiyoyi, sai wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki wanda bai wuce mililita 150 ba. Sun cika wurin fal. In wani abu na huɗu ya shigo dole wani ya matsa. To a daidai gefen kai ɗin nan ƙashin ba shi da kauri, kuma a ƙarƙashinsa akwai jijiyar jini mai bugawa da ta bi ta jikin ƙashin. Ƙashi na tsagewa sai ya yanke ta, jini ya fara taruwa tsakanin ƙashi da tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwar da farko ƙila girgiza kawai tayi, shi ya sa mutum ke suma ya farfaɗo garau. Jinin kuwa yana can yana ɓamɓare tantanin daga jikin ƙashi a hankali, jiki kuma yana ta ƙoƙarin ba shi wuri, yana rage ruwan nan yana rage jinin da ke cikin jijiyoyi, har wurin ya ƙare. Daga nan abin ba ya jira. Gudan jinin ya tura ƙwaƙwalwa gefe sannan ƙasa, ta danne jijiyar da ke tsuke baƙin ido, shi ne za ka ga ido ɗaya ya buɗe, yawanci na ɓangaren da jinin yake, sannan ta danne gindin ƙwaƙwalwa inda numfashi yake. Munsharin da uwarsa ta ji ba barci ba ne. A wannan matakin awon jini yana hawa, bugun zuciya yana raguwa, numfashi yana hargitsewa, wani likitan Amurka Harvey Cushing ne ya bayyana haka tun farkon shekarun 1900, har yau da sunansa ake kiran alamar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne irin wannan jinin yana cikin waɗanda aka fi samun sa'a in an yi fiɗa da wuri, a buɗe ƙashi a kwashe gudan a toshe jijiyar, yaro ya koma bakin aikinsa. Kuma kar wani yace rashin boko ne ko talauci kaɗai. A watan Maris na 2009 wata 'yar fim 'yar Ingila, Natasha Richardson, ta faɗi wurin wasan zamiya kan ƙanƙara a Kanada, ta tashi tana hira tace ba ta buƙatar likita, bayan kwana biyu ta rasu tana da shekara 45, kuma irin wannan jinin ne sak.

Na tsofaffi kuma daban yake, shi sanɗa yake yi. In mutum ya manyanta ƙwaƙwalwa tana ɗan motsewa, sai ƙananan jijiyoyin da suka tsallaka daga samanta zuwa tantanin su miƙe kamar igiyar shanya, ɗan bugu kaɗan ya tsinka su. Jinin nan ba mai ƙarfi ba ne, tsattsafowa yake, sai ayi sati uku, sati shida, har wata biyu kafin a ga komai. Surukina, Baba, shekarun baya ya buga kansa da katakon ƙofar zaure, kowa ya manta har shi kansa. Bayan kusan wata ɗaya da rabi sai ya fara jan ƙafar hagu, yana rikita raka'a, ya kira matata da sunan yayarta da ta rasu, wata rana fitsari ya kufce masa a tabarma. Nan fa gida ya rabu, wasu tsufa ne, wasu shanyewar ɓarin jiki, wata gwaggo kuma ta rantse jifa ne saboda rigimar gona, aka yi ta rubutu da hayaƙi. Ni ban hana addu'a ba, na dai dage sai an yi skana, har aka fara cewa suruki ya cika shisshigi. Hoto ya fito ga jini nan kwance a gefen dama kamar jinjirin wata. Huda ƙashin kawai aka yi, ƙofa biyu ƙanana, tsohon jini ya fito baƙi kamar man injin da ya daɗe ba a juye ba. Kwana uku Baba ya nemi goro, ya kuma tambayi wanda yake bi bashi ko ya kawo. Masu kallon ƙwallo za su tuna a farkon Nuwamba 2020 an yi wa Maradona fiɗa a kai, to jini ne a ƙarƙashin wannan tantanin aka cire masa. Masu shan giya sosai da waɗanda likita ya ɗora kan maganin tsinka jini su ma suna cikin wannan haɗarin.

Akwai kuma wanda jini bai taru ba amma ƙwaƙwalwar ce ta daku. Da yake iyo take yi, in goshi ya daki mota sai ta daki gaba ta koma ta daki ƙeya, rauni biyu a bugu ɗaya. Wani kuma kan ne ke juyawa da ƙarfi sai siraran zaruruwan cikinta su tsittsinke, skana ta fito kusan fes amma mutum ya ƙi farfaɗowa, dangi su yi ta cewa likita bai iya ba. Zancen jinin da hawan jini ke fasawa ba tare da faɗuwa ba wannan sai wata wasiƙar, amma dai duk wanda ciwon kai ya sare shi farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarsa, shi ma ba na kwanciya a ɗaki ba ne.

To me nake roƙo? Duk wanda ya bugu a ka har ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan ne, ko ya kasa tuna yadda abin ya faru, asibiti za a kai shi ba gida ba. In an sallame shi ma wani ya kwana kusa da shi, a riƙa tashinsa ana tambayarsa sunansa da inda yake. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai a kai a kai, barcin da ba a gane masa ba, magana ta fara harɗewa, hannu ko ƙafa yayi nauyi, jijjiga, ruwa fari ko jini daga hanci ko kunne, zagayen ido biyu yayi baƙi ko bayan kunne, ko ɗaya aka gani a cikin waɗannan ba a jiran gari ya waye. Kar a ba shi aspirin ko diklofenak don suna ƙara zubar jini, balle tiramol da samarinmu suka mayar goro, shi yana ɓoye alamun kuma yana iya jawo jijjiga. Kar a ɗura wa sumamme ruwa a baki, huhu yake tafiya. Kar a kira wanzami yayi ƙaho a kan ƙulun, jinin da ke kashewa yana can cikin ƙashi ƙaho ba ya kai wa gare shi. Sannan ɗaukar nan da muke yi, a cusa shi tsakanin mutum biyu a kan moto kai yana lilo, in wuya ya karye mu muka ƙarasa shi, a samu ko ƙyauren ƙofa ne a shimfiɗe shi wani ya riƙe kan daidai da jiki.

Saurin ma yana da wani amfanin. Akwai allura mai sauƙin kuɗi, tiranezamik, da wani babban bincike na 2019 ya nuna tana rage mutuwa ga waɗanda raunin bai kai matuƙa ba in an yi ta cikin awa 3 na farko. Kuma in kun isa ku tambayi infirmiye nawa ne Gilasgo ɗinsa, awo ne da wasu likitoci biyu suka fitar a 1974, ana duba buɗe ido da magana da motsi, daga 3 zuwa 15, 8 zuwa ƙasa abin yayi tsanani. Ku riƙe lambar, in bayan awa ɗaya ta sauka ku yi magana kar ku ji kunya.

Na san za a ce Malam kai a Garwa kake. Gaskiya ne, na ƙauyukan Gidar ko Mokolo ko Yagwa kafin ya kai inda skana take ya sha hanya, Marwa zuwa nan kaɗai kusan kilomita 200 ne, kuɗin hoton ma sai an yi karo-karo, likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa kuma yawancinsu suna Yawunde da Duwala. Wannan hukuma ya kamata ta ji, shi ya sa ma tashi da wuri ya fi zama dole a kanmu fiye da mutanen kudu. Hukumar Lafiya ta Duniya tace hatsarin hanya yana cin rai kusan miliyan 1.19 duk shekara, kuma bincike ya nuna hular kwano tana rage raunin kai da kusan kashi 69 cikin 100. Tsohon mai tsaron ragar nan Petr Cech tun da ƙashin kansa ya fashe a 2006 bai sake tsayawa a raga ba sai da hula, shi da ƙwallo kawai yake kamawa. Namu samarin sai sun hango jandarma suke kifa kaske, wato hular kwanon, igiyar ma ba a ɗaure ba, in ka yi magana suce Baba zafi. Eh na yarda, zafin Garwa a watan Afrilu ba wasa ba, ni ma a nan aka haife ni.

Bayan sadakar bakwai ubangidan ya ba ƙanin marigayin moton don gidan ba su da wata hanyar samu. Na je kasuwa na sayo masa kaske mai kyau da kuɗin fanshona, na ɗaure masa igiyar da hannuna yana ta na gode Kawu. Jiya da hantsi ya wuce ta ƙofar gidana da fasinja, kasken yana rataye a hannun moto.

Don Allah Malam Edita in ka buga, masu rediyo su taimaka su karanta da Fulatanci ma, don yawancin 'yan kilandon namu ba sa karanta jarida.

Naka,
Wani tsohon infirmiye, Garwa, Kamaru