Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana a Bakin Kogin Makenzi

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iske mu, na kuma fahimci cewa kun baro garin Inubik kun sauka a Tsiigehtchic, ƙauyen mutanen Gwich'in da ke can arewacin Kanada, inda wani ƙaramin kogi ya haɗu da Makenzi. Mahaifiyarka ta daɗe tana kallon taswira kafin ta yarda cewa garin da mutanensa ba su kai 200 ba, wanda sai a jirgin fito ake shigarsa da bazara, a kan ƙanƙara kuma da hunturu, shi ne mazauninka na makonnin nan.

Ka ce aikin naku na binciken ruwan kogin maimaici ne: ku fita a kwalekwale mai inji, ku ɗebo ruwa daga tsakiyar kogi da gefensa, ku dawo ku zauna kuna tacewa har yatsu su sandare, sannan ku rubuta lamba a jikin kowace kwalba. Na ji alamar gundura a maganarka, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Kogin nan yana gudu kilomita 1,738 daga babban tafkin da ya fito zuwa Tekun Bofot, yana kuma ɗaukar laka fiye da tan miliyan 100 a shekara, kuma abin da kuke son ganewa shi ne yadda ƙasar da ta daskare shekaru dubbai take narkewa tana zubar da abin da ke cikinta a ruwa. Wannan ba ya bayyana a kwalba ɗaya, sai an jera awon shekaru masu yawa an gwama. Saboda haka kwalbar da ka cika yau amana ce ta wanda zai buɗe littafinku bayan kai. Na yi shekaru ina rubuta tsayin ruwa a bakin Kwara, na kuma ga yadda ma'aikaci ɗaya da ya yi kasalar zuwa wurin awo, ya zauna a inuwa ya cike gurbin da ƙiyasi, ya lalata lissafin damina guda. Idan ka manta sa'ar da ka ɗebi ruwa, ka rubuta cewa ka manta. Idan matacin ya yage, ka rubuta. Ka riƙa amfani da fensir, domin tawada ba ta jure jiƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne zamanka da masu garin. Ƙasar tasu ce, yarjejeniyar da suka ƙulla da gwamnatin Kanada a 1992 ta tabbatar musu da ita, kuma da saninsu aka ba ku izinin bincike. Mutumin da ke tuƙa ku ya san inda yashi ke tasowa da inda iska ke juya kwalekwale, kamar yadda Sarkawan Yawuri suka san Kwara fiye da duk injiniyan da aka taɓa turo mana. Idan ya dubi sama ya ce yau ba fita, to ba fita, ko da jadawalinku ya ce akasin haka. Ka tuna cewa a 2007 wani ɗan garin ne ya ga ragowar wani ɓauna na zamanin da, mai shekara fiye da 13,000, a gaɓar da ta zaizaye, kafin masana su zo. Lokacin da kuke can lokacin kamun kifi ne, iyalai suna sansaninsu suna shanya kifi suna yin banda domin hunturu. Kada ku bi ta kan ragar kowa, kada ka ɗauki hoton tsoho ko rumfar kifinsa sai ka nemi izini, idan kuma aka miƙo maka busasshen kifi ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya.

Game da salla, tunda kun haura da'irar Aktik da ke ƙuryar arewacin duniya kuma rana ba ta faɗuwa a wannan lokaci, malamai sun yi bayanin cewa mutum ya bi lokutan gari mafi kusa da ake bambance dare da rana, ko kuma na Makka. A Inubik, tafiyar kusan kilomita 130 daga inda kake, akwai ƙaramin masallacin da aka gina a birnin Winifeg na kudancin Kanada aka kawo shi ta mota da jirgin ruwa a 2010. Ka je ka tambayi jama'arsa abin da suke bi, ka tsaya a kansa. Jadawalin lokutan sallar nan shi zai tsare maka barcinka ma, domin hasken da ba ya gushewa yana sa mutum ya yi ta aiki har gajiya ta sa shi kuskure.

Rigar ceto kada ta bar jikinka a kan ruwa ko da ana zafi, domin sanyin kogin yana kashe gaɓoɓi kafin iya iyo ya yi amfani. Kada ka shiga daji kai kaɗai saboda namun dawa, ka kuma sa ragar fuska don sauro.

Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko yajin da ta haɗa maka ya ƙare, kuma ko safar ulun nan tana isarka. Ƙannenka suna gaishe ka. Ka kira mu ranar Juma'a idan an samu layi. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.