Farfesa ba alƙali ba ne, a koya masa aikin kafin ya saurari ƙarar lalata

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan wata magana da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta a jami'o'in Amurka, wato su wa ke zama su saurari ƙarar ɗalibar da ta ce an ci zarafinta ta hanyar lalata, kuma wane horo aka ba su kafin su hau kujerar. Ni dai a ganina a kwaso malamin lissafi da ma'aikacin ofishin rajista a ce su yanke hukunci kan makomar yara biyu alhali ba a koya masu aikin ba, zalunci ne, kuma duka yaran biyu ake zalunta.

Tushen abin dokar Title IX ce ta 1972, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A 2011 zamanin Obama ma'aikatar ilimi ta rubuta wa makarantu cewa su tashi tsaye, kuma su yi hukunci da rinjayen hujja, wato ɓangaren da maganarsa ta fi kama da gaskiya ko da kaɗan ne. Tsoron a toshe masu kuɗi ya sa wasu jami'o'in suka yi ta gaggawa, har mutum ɗaya ya zama shi ne mai bincike shi ne mai hukunci, samarin da aka kora kuwa suka yi ta garzayawa kotu. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta faɗa wa Jami'ar Michigan cewa in magana ta zama ni na ce kai ka ce, to dole a ba wanda ake tuhuma damar a yi wa mai ƙara da shaidu tambayoyi. Ministar ilimi ta zamanin Trump, Betsy DeVos, ta fito da sabbin ƙa'idoji a 2020, gwamnatin Biden ta canza su a 2024, wata kotu a Kentucky ta rushe na Biden ɗin a Janairun 2025 aka koma na 2020. Kowace gwamnati da nata salon, amma mutanen da ke zaune a ɗakin nan su ne dai.

To mu leƙa ɗakin. A ƙa'idar 2020 kowane ɓangare yana da mai ba shi shawara, sau da yawa lauya ne, shi zai yi wa ɗaya ɓangaren tambayoyi baki da baki. Lauyan yaro ya dubi yarinya ya ce, samari nawa kika yi kafin shi? Kafin ta buɗe baki wajibi ne mai hukunci ya ce tambayar nan ta shafi ƙarar ko ba ta shafa ba, in ya hana ta kuma ya faɗi dalili nan take. Ƙa'ida ta ce tarihin yarinya na baya ba abin tonowa ba ne sai a wurare biyu kacal, in ana son nuna wani ne daban ya aikata, ko kuma abin da ya taɓa shiga tsakaninta da shi wanda ake tuhumar don nuna yarda. Yanzu fisabilillahi farfesan da bai taɓa zama irin wannan ba, ga lauya yana zare masa ido, ina zai tuna wannan cikin daƙiƙa biyar? Sai ya yi shiru yarinya ta sha kunya a banza, ko kuma ya hana tambayar da ta dace yaro ya tafi kotu ya yi nasara a dawo da komai farko.

Ga kuma saƙon waya. Washegari yaro ya rubuta mata kin tashi lafiya, ta amsa lafiya lau har da alamar murmushi. Wanda ba a horar ba zai ce shi ke nan ai ƙarya take. Amma mutum cikin ruɗu da tsoro yakan yi kamar ba abin da ya faru, wata ma sai ta yi watanni kafin ta iya faɗa wa kowa. Sai dai fa a nan ma akwai wani ramin, don akwai irin horon da ke cusa wa kwamiti cewa duk inda labarin mai ƙara ya ci karo da juna to alamar firgita ce, ka ga ke nan ba abin da yaron zai kawo ya tsira. Wannan ma ba horo ba ne, hukunci aka yanke tun kafin a zauna. Abin da ake so mutum ya iya shi ne ya ajiye saƙon nan kusa da sauran hujjoji ya auna, ya kuma san bambancin wadda ta ɗan sha giya da wadda hankalinta ya gushe har ba ta iya ba da yarda, don yawancin rigimar a nan take.

Abin da ya burge ni a ƙa'idar 2020, duk da ba komai nata nake so ba, shi ne ta tilasta wa jami'a ta sa kayan horon a shafinta na intanet kowa ya gani. Wata dokar ta 2013 kuma ta ce a riƙa horar da su duk shekara. Matsalar dai a kira mutane awa ɗaya a haska masu rubutu a bango su sa hannu su watse, a ce an yi horo. A'a, a yi masu zaman gwaji da ƙarar ƙirƙira, a titsiye su da tambayoyi, a sa su rubuta hukunci da dalilansa a gyara masu. Wanda ya taɓa koyar da ɗaya daga cikin yaran ya janye jikinsa. Wasu jami'o'in sun fara ɗauko tsofaffin alƙalai da lauyoyi daga waje su jagoranci zaman, ni kam ina goyon baya, don malamin cikin gida ko ya ƙi ko ya so yana tunanin sunan makarantarsa da albashinsa, a bar shi ya zauna a gefe a matsayin mamba amma kujerar shugaba a ba na waje.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai bibiyar jaridarku a kullum.