Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Wutar Lantarki: Tashar Nukiliya Ma Tana Buƙatar Wuta

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu injiniyoyin lantarki ne da malaman kimiyya. Tun da aka ware Geregu a jihar Kogi da Itu a jihar Akwa Ibom don gina tashoshin nukiliya, aka kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, maganar takan taso, ta kwanta, ta sake tasowa. Muna goyon bayan wannan buri. Sai dai akwai sharaɗi guda da ba a cika ambata ba, kuma a ofishinku yake: babban layin wutar lantarki na ƙasa.

Tashar nukiliya tukunyar dafa ruwa ce, makamashinta ne ya bambanta. A cikin yuraniyom da ake haƙowa, irin na Arlit a Nijar, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nau'in U-235 mai saurin tsagewa. Ana tace shi ya kai kashi 3 zuwa 5, a dunƙule shi ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin siraran bututun ƙarfen zakoniyom masu tsawon kusan mita 4. Idan nutiron, wato ɗan ƙanƙanin ɓangare na cikin ƙwayar zarra, ya bugi ƙwayar zarrar yuraniyom sai ta tsage, ta saki zafi da wasu nutiron 2 ko 3, su ma su bugi wasu. Sandunan da ke ɗauke da boron ake zurawa su shanye rarar nutiron ɗin. In an zura su gaba ɗaya, tsagewar ta tsaya cikin daƙiƙu kaɗan.

Ruwan da ke zagaya tukunyar yana haura digiri 300 amma ba ya tafasa, domin an matse shi da ƙarfin da ya ninka na iskar sarari fiye da sau 150. Yana miƙa zafinsa ga wani ruwan dabam ta jikin bututu, ba tare da sun gauraya ba. Wannan na biyun ne ke zama tururi, ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Tukunya irin VVER-1200, wadda Rasha ke gina guda 4 a El Dabaa ta Masar, tana fitar da zafi megawat 3,200 kafin a sami wuta megawat 1,200. Ragowar 2,000 ɗin kogi ko hasumiyar sanyaya ruwa ne ke ɗaukewa, shi ya sa yawan ruwan Kogin Neja a tsakiyar rani ya zama abin aunawa da kyau kafin a amince da Geregu.

Ranka ya daɗe, ga inda gizo ke saƙa. Kashe tukunya ba ya kashe zafinta. Ɓurɓushin da tsagewar ta bari yana ci gaba da fitar da kusan kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari na zafin farko, wato kimanin megawat 200 a tukunya mai wannan girma. Yana raguwa zuwa kusan kashi 1 bayan 'yan sa'o'i, amma hakan ma ya isa ya narkar da makamashin idan famfuna suka daina zagaya ruwa. Famfunan nan kuwa da wuta suke aiki. Abin da ya faru ke nan a Fukushima ta Japan ranar 11 ga Maris, 2011: tukwanen sun kashe kansu daidai lokacin girgizar ƙasa, layin waje ya katse, igiyar ruwa ta shanye janaretocin dizal, makamashi ya narke a tukwane 3. Zakoniyom da ya yi zafi fiye da kima ya haɗu da tururi ya haifar da iskar haidirojin, ita ce ta tarwatsa gine-ginen. Sababbin tukwane suna da tankunan ruwa da ke aiki ba wuta, amma na 'yan kwanaki ne, kuma ba a gina su don a riƙa dogaro da su kowane wata ba.

Layinmu kuwa yakan durƙushe sau da dama a shekara guda. Kowace durƙushewa, a wurin tashar nukiliya, yanayin gaggawa ne.

Akwai kuma batun girma. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin layin ƙasa. Mu da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000, tukunya ɗaya mai 1,200 kusan rubu'in wutarmu ce. Ranar da ta kashe kanta, bugun wutar layin, wanda ya kamata ya tsaya a 50 cikin kowace daƙiƙa, zai faɗo nan take, sauran tashoshi su bi ta. Sannan duk bayan wata 12 zuwa 18 ana rufe ta na makonni don canjin makamashi, dole a san abin da zai maye gurbinta.

Roƙonmu shi ne a wallafa binciken ƙarfin layi na Geregu da Itu kafin a ci bashi ko a sa hannu kan kwangila. A tanadi layukan kilobolt 330 aƙalla biyu masu hanyoyi dabam-dabam zuwa wurin, a kuma biya tashoshin gas da na ruwa irin su Kainji da Shiroro su riƙe wutar ko-ta-kwana. A duba ƙananan tukwane da ba su wuce megawat 300 ba, ko da yake kaɗan ne cikinsu suka fara aiki a duniya. A ba hukumar NNRA mai sa ido kan harkokin nukiliya kuɗi da 'yancin cewa a'a. Tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda ke aiki tun 2004, zafinta kimanin kilowat 30 ne. Wadda ake son ginawa ta ninka ta a zafi kimanin sau 100,000, don haka horar da masu sarrafawa a tashoshin ƙasashen waje ya kamata ya fara shekaru kafin a zuba kankaren farko.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Wasu injiniyoyin lantarki da malaman kimiyya