Kafin a zargi kyamara, a duba injekta da kebul

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwa Hausawa masu sana'ar jan wayar intanet da ɗaura kyamara a nan Makka da Jidda. Tun da Saudiyya ta fitar da dokar kyamarorin tsaro a 2022, wadda ta wajabta wa otal-otal da wuraren kasuwanci sa kyamara, aikin ya buɗe, matasanmu da dama sun shiga. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake asarar kayan mutane a kan ɗan akwatin nan da bai wuce tafin hannu ba, wanda muke kira injekta.

Aikinsa shi ne ya ɗora wutar lantarki a kan kebul ɗin intanet, kebul ɗaya ya kai wa kyamara ko na'urar Wi-Fi da ake maƙalawa a rufin ɗaki saƙo da wuta tare. Wannan tsari ake kira PoE. Ramuka biyu gare shi: mai rubutun LAN ko Data In na wayar da ta fito daga rauta ne, mai rubutun PoE ko Out kuma na wadda za ta tafi wajen kyamara.

Injekta iri biyu ne, kuma a nan ɓarnar take. Akwai mai bin ƙa'idar IEEE, wato ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan na'urori, wanda ba ya shiga sai ya yi sallama: yakan aika 'yar ƙaramar wuta ya gwada, in bai samu alamar da ke nuna na'urar tana karɓar PoE ba, ba zai saki komai ba. Ko an yi kuskure an jona masa laftof, babu abin da zai faru. Akwai kuma wanda ake rubuta wa Passive, irin wanda ke zuwa da wasu eriyoyin kamfanonin Ubiquiti da MikroTik, galibi mai bolt 24, wani kuma 48. Shi wannan da zarar an jona shi ya tura wuta, ba ruwansa da abin da ke ɗaya bakin. In aka sa mai bolt 48 a na'urar da ke son 24, sai dai a ji ƙauri. In aka sa mai 24 a kyamarar da ke jiran 48, ko motsi ba za ta yi ba, sai a mayar wa mai shago a ce ta mutu, alhali lafiyarta ƙalau. Don Allah a riƙa juya akwatin ana karanta rubutun bayansa, a kwatanta da na jikin na'urar.

Sai ƙarfin wuta. Ƙa'idar IEEE mai lamba 802.3af ta 2003 tana fitar da wat 15.4, abin da aka tabbatar zai isa na'ura kuwa 12.95 ne, sauran na kebul ne. Ta 802.3at ta 2009 tana fitar da 30, ya isa da 25.5. Ta 802.3bt ta 2018 tana kaiwa 60 har 90, kuma tana aiki da duk silin waya takwas da ke cikin kebul. Ƙaramar kyamara ta ƙofar shago af ya ishe ta. Mai jujjuyawa da zuƙo hoto, ko na'urar Wi-Fi ta zamani a masaukin alhazai, sai at ko bt.

Ga alamar da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya sani. Kyamara za ta wuni tana aiki, ana kiran magariba ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa, haka har asuba. Duhu ne ya sa fitilunta na ganin dare suka kunnu, buƙatarta ta wuta ta ƙaru, abin da ke isowa kuma bai kai ba. Sauya kyamara ba zai magance wannan ba. Ko dai injektan ya yi ƙarami, ko kebul ɗin ne ke shanye wutar a hanya.

Kebul ɗin nan mai araha da ake rubuta wa CCA, alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. A kankare sili ɗaya da wuƙa, in cikinsa ya fito fari to shi ne. Yana tauye wuta fiye da jan ƙarfe zalla da kusan rabi, ga saurin karyewa a wajen matse kai. A lissafa: na'ura mai jan wat 12 a bolt 24, a kan kebul nau'in Cat5e na jan ƙarfe zalla mai tsawon mita 100, za ta rasa kusan bolt 5 a hanya. A kan CCA asarar ta kai wajen 7. A bolt 48 kuwa rabin haka za a rasa, shi ya sa nake ganin in hanya ta yi nisa, gara a nemi kayan da ke bin ƙa'ida, don su da wajen bolt 48 suke aiki. Iyakar tsawo mita 100 ce daga suwici, wato akwatin da ke rarraba layin intanet, zuwa na'ura, kuma sa injekta a tsakiya ba ya ƙara ko taku ɗaya.

A matse duk sili takwas a kan RJ45, wato kan roba na bakin kebul, jeri iri ɗaya a kowane baki, sannan a gwada da testa. Masu matse huɗu kawai su sani yawancin injekta ta sili na 4 da 5 da 7 da 8 suke tura wuta. Injekta mai rubutun 10/100 kuma zai daƙile layi mai saurin gigabit, wato megabit 1000, ya tsaya a 100.

Zafin ƙasar nan ma yana da nasa. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Makka, alhali yawancin injektocin cikin gida iyakarsu 40 ce. Kada a kulle shi cikin akwatin ƙarfe a saman bene, ko a cusa shi cikin silin inda iska ba ta shiga. Kebul na cikin ɗaki rana tana farfasa rigarsa, a nemi baƙin nan na waje ko a zura shi cikin bututu. A Jidda danshin teku yana cin bakin waya har ya yi kore, sai a yi amfani da murfin roba da ke zuwa da kyamara, a lanƙwasa kebul ɗin ƙasa kafin ya shiga don kada ruwa ya bi shi. Tsofaffin gidaje kuma har yau wasu na da soket mai bolt 127 kusa da mai 220, saboda haka a zaɓi injekta mai rubutun 100-240V.

In na'urori sun wuce uku ko huɗu, a daina tara injektoci a kan soket ɗaya, a sayi suwici mai PoE. Amma a duba jimillar wutarsa: ramuka 8 kowanne da wat 15.4 sun haura 123, da yawa daga masu arahar ba su kai nan ba. A jona suwicin da na'urar da ke adana hotunan kyamarori a UPS ɗaya, wato batirin da ke riƙe wuta, in wuta ta ɗauke kyamarori su ci gaba da aiki.

Wassalam.

Naku,
Mai aikin kyamara da wayar intanet,
Misfala, Makka.