Wasiƙa zuwa ga Uwata

Uwata,

Bayan gaisuwa, ya zafin Gwagwalada? Mu nan Jos hunturu ya sa kowa ya zaro rigar sanyinsa.

Mahaifiyarki ta ce kin karɓi aikin koyarwa a jami'a, kuma a kan dokokin lafiya za ki yi digiri na uku. Kawunki sai faɗa yake, wai kuɗin lauya a kotu suke. Ni na sa albarka. Albashin dai kin san shi, kin kuma ga yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya cinye wata takwas, don haka ki shiga da idonki biyu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin tuna daren da babur ya buge maƙwabcinmu mai shayi? Mun kai shi wani asibiti, jini ya jiƙa rawanin da na ɗaure masa ƙafa da shi, mai karɓar kati ya ce sai an ajiye kuɗi. Ashe sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa, har da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Cikinmu babu wanda ya sani. Ke kika karanta mini daga baya.

Na daɗe ina jin haushin mutumin, amma tambayar da ya yi mana ba ta bar ni ba: wa zai biya kuɗin ƙarin ruwa da safar hannu? Kin ce dokar ta kafa asusu da kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kashi 5 cikin 100 na asusun kuma na gaggawa ne. To, a ina kuɗin ke maƙalewa kafin su iso teburinsa? Wannan nake so ki bi sawunsa, Uwata. Ki zauna a bencin asibiti ki ji bakin nas da masu jinya kafin ki rubuta komai. Inshorar lafiyar da dokar 2022 ta wajabta ma, ki tambayi 'yan kasuwar Farar Gada ko labarinta ya iso su.

In kin gama binciken, ki nemi fili a rediyo ki faɗe shi da Hausa, ko mai shayi ya ji.

Mahaifiyarki ta ba direba buhun dankali, ki tare shi a tasha ranar Asabar. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki