Wasiƙa Kan Sabar da Kake Shirin Saya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Saƙonka ya iso gare ni, kuma na fahimci cewa harkar kamfaninku ta bunƙasa har kwamfutar da kuke ɗora wa aiki ta fara gazawa, shi ya sa kake neman shawara a kan babbar kwamfutar nan da ake kira saba: ko ka sayi mai furosesa (wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta) biyu ko huɗu daga manyan kamfanoni, ko kuwa ka sayo kayan ka haɗa da kanka.

Tun kafin a kai ga batun saye ko haɗawa, ina so ka sake duba ko da gaske kana bukatar furosesa fiye da ɗaya. A da, duk mai neman ƙarfi dole ne ya ƙara yawan furosesa, domin ƙwayoyin aikin da ke cikin kowace ɗaya, wato ƙananan sassan da kowannensu ke gudanar da nasa aikin, ba su da yawa. Lamarin ya sauya. Lokacin da kamfanin AMD ya fito da furosesoshin EPYC a 2017, mafi girmarsu tana da ƙwayoyi 32, amma a 2022 samfurin EPYC 9654 ya zo da ƙwayoyi 96 da hanyoyi 12 na isa ga RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, duk a gurbi guda, wato mazaunin furosesa ɗaya. Ka kuma sani cewa EPYC ba ta wuce gurbi biyu. Mai son huɗu ko takwas sai ya koma ga Xeon na Intel, kuma a ganina kamfani irin naku bai kai nan ba.

Furosesa biyu ba sa ninka sauri yadda mutum zai zata. Kowace ɗaya tana da nata kason na RAM, kuma duk lokacin da aikin da ke gudana a ɗaya ya nemi bayanin da ke ajiye a ɓangaren ɗayar, sai bayanin ya ratsa ta mahaɗar da ke tsakaninsu, abin da ke jawo jinkiri. Wannan tsari shi ake kira NUMA. Manyan manhajojin rumbun bayanai sun san da shi, suna kuma rarraba aiki daidai da shi, amma tsohuwar manhajar da ba ta iya raba aikinta kashi-kashi za ta fi amfana da ƙwayoyi kaɗan masu sauri a kan ƙwayoyi masu yawa marasa zafin nama.

Inda na fi so ka natsu shi ne lasisi, domin nan kuɗi ke zurarewa ba tare da an lura ba. Tun daga Windows Server 2016, Microsoft yana lissafin lasisi ne da yawan ƙwayoyi, kuma mafi ƙarancin abin da za a biya shi ne na ƙwayoyi 16 ga kowace saba. Manhajar rumbun bayanai ta SQL Server ma tana da tsarin biya bisa ƙwaya, haka nan ta Oracle. Bayan Broadcom ya kammala sayen VMware, mai manhajar raba saba ɗaya ta yi aikin kwamfutoci da yawa, a watan Nuwamba na 2023, an daina sayar da lasisin dindindin, aka koma biyan kuɗi lokaci zuwa lokaci, shi ma bisa yawan ƙwayoyi. Ke nan idan ka sayi saba mai ƙwayoyi 192 don kawai ka ga an yi mata rangwame, kana iya wayar gari kuɗin manhaja ya zarce na na'urar kanta, alhali rabin ƙwayoyin suna zaune ba aiki. Idan a kan manhajojin kyauta kuke aiki, kamar Linux da PostgreSQL ko Proxmox, wannan nauyi zai ragu ƙwarai. Saboda haka ka fara lissafi daga manhaja, sannan ka zaɓi furosesa.

Game da haɗawa da kanka, na san hannunka ya faɗa a wannan aiki, kuma da kayan kamfanin Supermicro za ka iya samun ragi. Amma da ni ne, saye zan yi daga Dell, HPE ko Lenovo. Abin da ake biya a wurinsu ba ƙarfen kaɗai ba ne, har da garanti, da alkawarin kawo kayan maye cikin ƙayyadadden lokaci, da tabbacin cewa an gwada sassan tare. Ranar da babban allon sabar da ka haɗa ya mutu ana tsaka da aiki, kai ne mai gyara, kai ne kuma mai neman kaya. Ko wanne ka zaɓa, kada ka yi sassauci a kan RAM mai gyara kuskure, wato ECC, da na'urar ba da wuta guda biyu, da faifan ajiyar bayanai masu sauri na NVMe da aka jera bisa tsarin RAID, wato haɗa faifai fiye da ɗaya yadda bayanai ba za su ɓace ba idan ɗaya ya lalace, da hanyar sarrafa sabar daga nesa irin iDRAC ko iLO. Ka tuna kuma RAID ba ya maye gurbin kwafin bayanai da ake ajiyewa a wani wuri dabam.

Wuta ma abin lissafi ce, tun da EPYC 9654 guda tana iya jan wat 360, kuma duk wannan zafi ne da sai an fitar da shi daga ɗaki.

Shawarata ita ce ka raba kuɗin gida biyu, ka sayi saba biyu matsakaita, kowace da furosesa ɗaya, ta yadda idan ɗaya ta tsaya ɗayar za ta ɗauki aikin. Ka turo mini sunayen manhajojinku, da yawan masu amfani da su a lokaci guda, da girman rumbun bayananku, sai mu fitar da adadin ƙwayoyi da RAM ɗin da ya dace kafin ka nemi farashi. Ka gaida mutanen gida.

Wassalam,
Amininka